Kunne Ya Girmi Kaka, Mu Kuma Muna Kashe Shi da Hannunmu



Akwai wani yaro da kusan dukkanmu mun sani, ko a gidanmu, ko a maƙwabta, ko a ajin da muka yi firamare. Shi ne wanda za a kira sau uku bai waiwayo ba, sai an daka masa tsawa. Shi ne wanda za a aika, maimakon ya ruga sai ya tsaya yana kallon bakin mai aiken. A makaranta yana bencin baya, malam na bayani shi yana kallon taga. Hukuncin da muka yanke masa tun tuni shi ne kunnen ƙashi gare shi, ko daƙiƙi ne, ko raini ne ya yi masa yawa. Maganin da muke ba shi kuwa bulala ce da mari, sau da yawa ma a kan kunnen da ake tuhuma. Da wuya a samu wanda ya tsaya ya yi tambaya mafi sauƙi: anya yaron nan yana ji kuwa?

Mun saba ɗaukar kurumta a matsayin abin da ke faɗowa daga sama. Ko dai an haifi mutum da ita, ko an yi masa jifa, ko iska ta shafe shi, ko tsufa ya zo. Amma idan muka bi sawun yadda mutanenmu ke rasa jinsu, sawun zai kai mu gidan da ba a kai yaro rigakafi ba, da shagon kemis, da rumfar injin niƙa, da filin biki, da wayar da ke hannunmu yanzu haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara yana faruwa ne ta dalilan da za a iya kauce musu. A rahotonta na 2021 ta ce mutum fiye da biliyan 1.5 a duniya jinsu ya ragu, miliyan 430 daga cikinsu abin ya kai matakin da suke buƙatar taimako, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na waɗannan suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu. Ra'ayinmu ke nan a wannan mako: mafi yawan kunnuwan da ke mutuwa a cikinmu da sa hannunmu, ko ta abin da muka yi, ko ta abin da muka ƙi yi.

YADDA AKA GINA KUNNE

Bari mu fara leƙa cikin kunnen, domin wanda bai san yadda aka rufa ɗaki ba, ba zai gane inda yake yoyo ba. Kunne hawa uku ne. Akwai na waje da muke gani, da raminsa da ya shiga ya ƙare a kan wata siririyar fata da muke kira dodon kunne. Sauti na zuwa ya buge ta, ta yi rawa kamar fatar ganga. Bayanta akwai kunnen tsakiya, wani ɗan ɗaki mai iska da ƙananan ƙasusuwa uku, ɗayansu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ke ɗaukar rawar dodon kunne su miƙa ta ciki. Can ciki kuma akwai wani bututu naɗaɗɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi a kai, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ke mayar da motsin ruwan ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa.

Idan matsala ta tsaya a kunnen waje ko na tsakiya, kamar datti ya toshe rami ko ruwa ya taru bayan dodon kunne, galibi ana iya gyarawa da magani ko aiki. Amma idan 'yan gashin nan na ciki suka mutu, shi ke nan. Farce ya karye yana tsirowa, fata ta yanke tana haɗewa, su kuwa waɗanda aka haife mu da su, da su za mu koma. Mu riƙe wannan, domin kusan duk abin da za mu faɗa a gaba a kansa ya rataya.

TUN DAGA CIKI ZUWA GOYO

Wasu yaran tun suna ciki abin ke samunsu. Mai juna biyu ta kamu da ƙyandar Jamus a watannin farko, ita za ta ga 'yan ƙuraje da ɗan zazzaɓi su wuce cikin kwanaki, amma jaririn na iya zuwa duniya ba ya ji. Haka ciwon tunjere idan ba a gano shi a awon ciki an yi maganinsa ba. A wajen haihuwa akwai doguwar naƙudar da jariri zai fito ya daɗe bai yi numfashi ba, akwai bakwaini mai ƙarancin nauyi, akwai kuma shawara. Wannan ta ƙarshen mun fi raina ta. Idon jariri da jikinsa su yi rawaya a kwanakin farko, sai a ce a shanya shi a hantsi, a ba shi jiƙo, a bari suna ya wuce tukuna. Alhali idan shawarar ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyar ji, kuma a asibiti akwai fitila ta musamman da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta ya samu sauƙi.

Akwai kuma na gado. Iyaye biyu masu ji sarai za su iya haifar kurma idan kowannensu yana ɗauke da ƙwayar halittar a ɓoye, kuma yiwuwar haka na ƙaruwa idan jininsu ɗaya. Ba muna kiran a watsar da auren zumunci ba ne. Muna cewa ne yadda muka fara karɓar gwajin sikila kafin aure bayan dogon ja-in-ja, haka ya kamata dangin da aka riga aka haifi kurame a cikinsu su nemi shawarar likita ba tare da jin kunya ba.

SANƘARAU DA 'YAN UWANSA

Idan akwai cutar da ta cika makarantun kuramenmu, to sanƙarau na sahun gaba. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da masana suka yi wa laƙabi da zirin sanƙarau, wanda ya tashi daga Senegal har Habasha. Lokacinta sananne ne: daga hunturu, lokacin da ƙura ke busar da hanci da maƙogwaro, zuwa bazara da zafi ke tsananta, ga mutane cunkushe a ɗakin da ba taga. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Lissafin da muke tunawa na mamata ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, ɗaya yakan tashi da wata naƙasa mai ɗorewa, kuma kurumta na cikin waɗanda suka fi yawa. Cutar na kumbura rigar ƙwaƙwalwa, ta gangara cikin katantanwar kunne ta kashe abin da ke ciki. Yaro ya kwanta yana hira da uwarsa, ya tashi bayan mako biyu duniya ta yi tsit. Idan bai wuce shekara biyu ko uku ba, 'yar maganar da ya fara koya ma sai ta zube.

Abin da ke ƙona rai shi ne akwai rigakafi. A ƙarshen 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Najeriya a 2011, kuma nau'in ƙwayar da ya fi yi mana ɓarna a da ya kusa ɓacewa. Da wani nau'in ya taso, kamar yadda aka gani a Yamai a 2015 da Zamfara da Sakkwato a 2017, masana suka ci gaba da aiki, har a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar a lokaci ɗaya. Allura ta zo har ƙofar gida, mu kuma muna ɓoye yara a ƙuryar ɗaki saboda wani saƙon murya da aka turo mana a WhatsApp, wanda ba mu san ko wane ne ya naɗa ba.

Ƙyanda ma haka. Muna cewa ai kowane yaro sai ya yi ta, a rufe shi a ɗaki ta fito ta gama. Tana gamawa ta bar wasu da kunne mai ruwa, wasu da jijiyar da ta mutu, bayan kuwa allurar wata 9 da ta wata 15 kyauta ake yi a asibitin gwamnati. Hangum, wanda muke shafa wa shuni ko toka muna dariyar kumatun yaro, yakan kashe kunne ɗaya shiru ba wanda ya lura. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ƙwaƙwalwa yana iya barin irin wannan tabo. Sai zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno inda aka gano shi a 1969, kuma ɓera ke yaɗa shi ta abincin da ya ɓata da fitsari ko kashinsa. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kwanta da shi suka tashi suna samun kurumta, wasu jin ya ɗan dawo bayan watanni, wasu har abada.

Duk wanda ya tashi daga ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, musamman sanƙarau, a gwada jinsa cikin makonnin farko. Barka da arziki ba ta cika ba sai an tabbatar yana jin masu yi masa barkar.

KUNNE MAI RUWA

Wannan ya zama ruwan dare har mun daina ganinsa a matsayin ciwo. Yaro na yawo da mugunya na zuba daga kunnensa, ƙuda na binsa, uwa ta goge da bakin zane ta ce zai daina in ya girma. Ga yadda abin yake faruwa. Akwai wata 'yar hanya da ta haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci. A yara gajeriya ce kuma a kwance take, don haka mura na shiga ta cikinta cikin sauƙi. Ruwa ya taru, ya zama mugunya, yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne, daga baya dodon kunne ya fashe mugunyar ta fito. Da ta fito zafin sai ya lafa, mu kuma mu ce ya warke. Alhali ƙofa ce ta buɗe. Idan aka bar shi wata da watanni, hujin ya ƙi rufewa, ƙananan ƙasusuwan nan su lalace, wani lokaci ma ciwon ya ci ƙashin bayan kunne ya kai ga ƙwaƙwalwa.

A nan ne kowa ke zama likita. Wannan ta ce a ɗiga man ja, waccan ta ce ruwan albasa, wani ya kawo ruwan ganyen da ba a san sunansa ba. Duk abin da aka zuba a kunnen da dodonsa ya huje, kai tsaye yake wucewa ciki. Hayaƙin icen girki da na taba suna ƙara wa yara wannan ciwo, shayar da nonon uwa kuma na rage shi. Maganinsa a matakin farko bai fi ƙarfin asibitin unguwa ba.

TSINKE DA MARI

Mu zo kan hannunmu. Wane ne a cikinmu bai taɓa sosa kunne da tsinken ashana, ko gashin kaza, ko murfin biro, ko makullin babur ba? Masu ganin sun waye kuma suka koma tsinke mai auduga, suna ganin sun tsira. Dattin kunne da muke yaƙa da shi kariya ce, shi ke kama ƙura da ƙwari, kuma kunne na fitar da shi da kansa sannu a hankali. Sosawa tura shi ciki take yi ya dunƙule ya toshe hanya, idan kuma hannu ya goce ko yaro ya bangaje mu, tsinken ya huda dodon kunne. Idan datti ya toshe, ma'aikacin lafiya zai fitar da shi cikin 'yan mintuna.

Shi kuwa mari, tafin hannu idan ya rufe ramin kunne da ƙarfi, iskar da ya tura na iya fasa dodon kunne nan take. Iyaye na yi, malamai na yi, yayye na yi wa ƙanne, wasu mazan na yi wa matansu. Har alfahari muke yi da shi a baki, a ce an yi masa marin da sai da ya ga wuta, ko sai da kunnensa ya yi ƙara. Ƙarar nan ba tarbiyya ba ce, rauni ne.

ALLURAR KEMIS

Akwai magungunan da ke ceton rai amma suna iya kashe kunne idan aka yi ganganci da su. Allurar jentamaisin na gaba, tare da 'yan gidansu irin su sitreptomaisin da kanamaisin da amikasin, waɗanda aka daɗe ana amfani da wasunsu wajen maganin tarin fuka. Suna taruwa a cikin katantanwar kunne su kashe 'yan gashin nan, kuma ɓarnarsu ba ta gyaruwa. Kwinin ma yana sa kunne ƙugi da toshewa, kodayake nasa yakan sake idan an daina sha. A asibiti likita na auna nauyin mara lafiya, ya duba ƙodarsa, ya ƙayyade kwanaki. A kemis ɗin lungu kuwa, yaro ya zo da zazzaɓi ko gudawa, sai a haɗa masa allura ba awo ba tambaya, gobe ma a ƙara, jibi ma a ƙara. Mu ne ma ke matsa wa mai shagon, wai mu ba ma jin magani sai allura. Duk wanda ake yi wa irin waɗannan allurai ya fara jin ƙugi a kunne ko jiri, ya gaya wa likita a ranar, kada ya jira a gama.

ƘARAR DA MUKA MAYAR ADO

Yanzu mun iso inda babu wanda zai nuna wani da yatsa. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar yau da kullum tana wajen 60. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka gindaya ita ce kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar da ta kai 85. Kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4 ke nan, 91 awa 2, idan aka kai 100 kuwa minti 15 kacal. Ba sai mun sayi na'ura ba. Idan sai mun ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da mu, tazarar hannu ɗaya, ya ji abin da muke faɗa, to wurin ya kai matakin cutarwa.

To mu auna rayuwarmu da wannan. Mai injin niƙa da yaransa tun safe har magariba. Mai walda, da maƙeri, da mai injin yankan katako, da ma'aikacin masaƙa. Janareta a bakin ƙofar shago, mai shagon na zaune a kansa. Mai tallar magani a tasha da lasifikarsa. Motar kamfen. Wurin biki, inda mai kiɗan zamani zai jera manyan lasifiku ya ƙure su, mata da goyo a baya suna rawa a gabansu, jaririn da ba shi da bakin cewa ya isa. Hatta wuraren wa'azi da ibada, na kowane addini, sau da yawa ƙarar lasifikar ta fi yawan jama'ar da ke wurin. Tun 2009 Najeriya ke da dokar ƙayyade hayaniya a rubuce, amma je ka gaya wa maƙwabcinka ya rage sauti ka ga yadda za ku kwashe.

Sai wadda ta fi kusa da mu, iyafis. Da yawanmu da shi muke kwana, muna sauraron littafin da ake karantawa a YouTube ko waƙa, har barci ya ɗauke mu abin na ci gaba da zuba a kunne. A cikin adaidaita sahu ko kusa da janareta kuma sai mu ƙure sautin don ya danne hayaniyar waje. Waya idan aka ƙure ta tana iya haura desibel 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro, ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin na'ura, a riƙa kuma ba kunne hutu.

Mugun halin ƙara shi ne ba ta zuwa da zafi ko jini. Mun dawo daga biki kunne na shuuu, maganar mutane kamar daga cikin rijiya, da safe ya sake, mu ce lafiya lau. Wannan gargaɗi ne. Yau kaɗan gobe kaɗan, kuma sautukan da ke fara tafiya su ne sirara, irin su s da sh da ts da f. Wasula na nan, don haka mutum na jin murya amma ba ya rarrabe kalma. A ce sara ya ji shara, a ce tsara ya ji fara. Shi ya sa za ka ji yana cewa, ina jinka, ban dai gane ba ne. Ga mu masu son alƙalami wannan ba ƙaramar asara ba ce. Hausa harshe ne da rabinsa a kunne yake: kuka na hawaye da kuka ta miya, gari na zama da gari na tuwo, wuya ta wahala da wuya na jiki, a takarda duk ɗaya ne, kunne ke raba su. Karin maganar da muke taƙama da ita ma a bakin tsofaffi da 'yan kasuwa muka tsince ta. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce kunne ya girmi kaka.

TSUFA

Tsufa na da nasa rabo, ba musu. Cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fama da rashin jin da ke takura musu. Amma kunnen da ya sha ƙara shekara talatin ya fi saurin tsufa, kuma ciwon suga da hawan jini na ƙara masa nauyi. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda muke yi da tsofaffinmu. Baba ya ce me ka ce sau biyu, a na uku sai mu ce a bar shi kawai. A hankali ya daina zuwa majalisa, ya daina sa baki a hirar gida, mu ce ya zama miskili ko ya fara ruɗewa. Muna saya masa tabarau ba tare da wani tunani ba, amma na'urar ƙara ji sai mu ga kamar abin kunya ce.

ABIN DA ZA A CE MANA

Wani zai ce duk wannan dogon bayani ne, abin da aka ƙaddara ba makawa. Mun yarda. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar shagonsa a buɗe ya tafi barci don ya yarda da ƙaddara ba. Wani zai ce talauci ne, mai injin niƙa ba zai rufe sana'arsa don kunne ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu ce ya rufe ba. Abin toshe kunne na soso da ake sayarwa a shagunan kayan aiki ba shi da tsada, kuma ya fi audugar da wasu ke cusawa, wadda ba ta tare ƙara sosai. Matsar da janareta bayan gida ba ya cin ko sisi. Hana yaro zama a rumfar injin in ba aiki yake ba, shi ma haka. Akwai dai nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Likitocin kunne sun yi mana kaɗan, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa ba za su ishi mutanen karkara ba. Gwajin jin jarirai kafin a sallame su, wanda ya zama al'ada a ƙasashe da dama, haƙƙi ne da ya kamata mu riƙa tambayar hukumomi a kansa. Amma gazawar hukuma ba ta wanke mu daga tsinken ashana da mari da ƙure sauti ba.

WAƊANDA ABIN YA RIGA YA SAMA

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Kurma ba ragowar mutum ba ne. Mafi yawan waɗanda muke kira bebaye maƙogwaronsu lafiya lau yake, ba su yi magana ba ne don ba su ji ta ba. Suna da harshensu, maganar hannu, mai ƙa'idojinta da salonta da barkwancinta. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi sukutum a kan maganar hannu ta Hausa, aka buga shi a 2000. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano sun yaye ɗalibai masu yawa. Abin da ke naƙasa yaro kurma ba rashin jin kaɗai ba ne, barinsa ne shekara biyar ko shida ba shi da kowane harshe, ba na baki ba na hannu, saboda iyaye na yawon neman wanda zai karya sihiri. Shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kama harshe, idan suka wuce kamun na yin wuya.

A nan muna da laifi na musamman. A labaranmu da finafinanmu kurma ɗan ban dariya ne, a faɗa masa wannan ya amsa wancan. Ko kuma kishiya ce ta yi masa asiri, a babin ƙarshe a tone layar ya ji garau. Uwar da ɗanta ya tashi daga sanƙarau ba ya ji tana karanta mu, kuma abin da muka nuna mata shi za ta bi.

Don haka mu koma kan yaron da muka fara da shi. Jaririn da ƙofa za ta bugu bai firgita ba, ɗan wata shida da ba ya juyowa in an kira shi ta baya, ɗan shekara ɗaya da bai fara gwalan-gwalan ɗin baba da mama ba, ɗan makarantar da kullum sai ya kalli baki, duk a kai su a gwada. Babban da ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya kada ya jira ya gani, domin maganin irin wannan a kwanakin farko yake aiki. Kowace ranar 3 ga Maris duniya na tunawa da lafiyar ji, amma mu ba sai mun jira ta ba. A daren yau, kafin mu sa iyafis, mu duba inda sautin wayarmu ya tsaya. Gobe kuma idan muka kira yaro bai amsa ba, kafin hannu ya tashi, mu zagaya ta gabansa mu sake kira. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Shi kuma kunnen, mu ne za mu tsirar da shi.